Hotuna Biyu Na Malam Uwaisu

"Ɗan ɗaga masa kai, Baba Mati. A'a, ba haka ba, juyo da shi wajen ƙofa, haske ya same shi," in ji Jamil.

Mati ya sa tafin hannunsa a ƙeyar Malam Uwaisu ya ɗaga a hankali. Kan ba shi da nauyi, kamar busasshiyar ƙwarya. Wuyan tsohon ya jiƙe da zufa duk da sanyin damina da ke shigowa ɗakin, numfashinsa kuma yana fita da wata 'yar ƙara daga can ƙasan ƙirji. Jamil, ƙaramin ɗan Malam Uwaisu namiji, ya durƙusa a gaban katifa riƙe da waya ruwan toka, ya ƙanƙance ido ɗaya. Yayansa Zubair yana tsaye a bayansa da tasa baƙa, yana jira.

"Ka gama? To matsa in ɗauka daga inda ka ɗauka, kada anjima ka ce na fi ka samun haske."

"Ko fitila ka kunna, Yaya, ba za ta kamo wannan ba. Megafiksel ɗari da takwas ce fa."

"Lamba ce kawai suke rubuta muku a kwali. Matsa."

Ba don wannan Mati ya kira su ba. Shekara arba'in ke nan katanga ɗaya ta raba gidansa da na Malam Uwaisu a Tudun Kanya, wani ɗan ƙauye da ke bayan Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, gida ke leƙen gida ta saman gero. Malam Uwaisu manomi ne kamar kowa, amma abin da aka fi saninsa da shi haƙar rijiya. Da wuya ka sha ruwa a ƙauyukan nan ba daga ramin da ya taɓa shiga ba. Tun bayan shuka ƙafafunsa suka soma kumbura, tari ya biyo baya, har ya kai ga ba ya iya zuwa masallaci. Ma'aikacin ƙaramin asibitin yankin ya duba shi, ya ja Mati gefe ya ce wannan ya fi ƙarfinsu, zuciya ce, a kai shi birni kada a yi wasa. Sau uku Mati yana kiran Zubair, wanda ke sayar da kayan gini a Rijiyar Zaki cikin Kano kuma shi kaɗai ne mai mota a gidan. Sai yau Asabar ya zo, ya biyo ta Bici ya ɗauko Jamil daga shagonsa na sayar da kayan waya.

Sun zo da burodi da madara da lemo. Sun durƙusa sun gai da mahaifinsu, sun gai da Inna Bilkisu mahaifiyarsu, sun yi wa Mati godiya. Mati yana shirin buɗe baki kan maganar asibiti ke nan wayar Zubair ta yi ƙara. Tahira ce, autar gidan, wadda ke aure a Fatakwal. Rabonta da gida shekara huɗu, ga ta da ciki wata takwas. Ta ce kowa sai ya ce mata Baba da sauƙi, amma muryarsa ba ta yi mata daɗi ba. Tunda ga su a gabansa, su ɗauko mata hotonsa ta gani da idonta.

Daga nan ne zance ya juya. Zubair ya zaro sabuwar wayarsa, Jamil ya yi dariya ya zaro tasa. Ashe tun a mota suke musu a kan wacce ta fi fitar da hoto, sun ɗauki gada, sun ɗauki shanu, sun ɗauki mai sayar da rake, ba wanda ya yarda an ka da shi.

"Ɗakin nan ya cika duhu," in ji Zubair bayan ya duba abin da ya ɗauka. "Ba za a gane komai ba. A fito da shi tsakar gida."

Inna Bilkisu tana zaune a bakin ƙofa tana fifita kwanon kunu da faifai. Ta ɗago. "Iskar nan fa ba ta yi masa. Jiya ma da ƙyar ya runtsa."

"Minti biyu ne, Inna."

Mati ya dubi abokinsa. Malam Uwaisu ya buɗe ido, ya lashi leɓensa.

"Na Auta ne?"

"Nata ne, Baba," in ji Jamil.

"To ku fitar da ni. A ɗauko mini hular Sallah."

Mati da Jamil suka tallabe shi. Zubair ya riga su fita yana neman inda haske ya fi kyau, ya ajiye farar kujerar roba a gindin rumbu, ya sake janye ta zuwa jikin katanga, ya ce rumbun zai ɓata bayan hoton. Suka zaunar da tsohon. Da suka sake shi sai ya soma sulalewa gefe.

"Baba Mati, ka tsuguna a bayan kujerar ka riƙe shi," in ji Jamil. "Ka sunkuya sosai kada ka fito."

Mati, mai shekara sittin da biyar, ya tsuguna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya zura hannuwansa ta tsakanin sandunan kujera ya kama haƙarƙarin abokinsa ta cikin riga. Yana jin kowane ƙashi. Yana jin yadda zuciyar ke bugawa, ta yi sauri, ta tsaya, ta kuma ɗauka. Daga inda yake ba ya ganin komai sai ƙafafun tsohon da suka cika kamar an hura su, da takalman 'ya'yansa suna matsowa suna ja da baya.

"Baba, ɗan yi murmushi."

"Kada ka sa zum, Yaya, magudi ne."

"Ban sa ba. Kai ne dai ka kunna filta."

"Wallahi ban kunna komai ba, haka take fitarwa da kanta."

"To mu sake. Baba, kalli nan. Nan, wajen hannuna."

Minti biyu ya zama ashirin. Sun ɗauka a tsaye, sun ɗauka a tsugune, sun jira gajimare ya wuce sun sake ɗauka. Tari ya turnuƙe tsohon, suka dakata har ya lafa, Jamil ya gyara masa hular da ta karkace, suka ci gaba. Sai da Inna Bilkisu ta ajiye faifai ta ce, "Ya isa haka, ku ji tsoron Allah," sannan suka sauke hannu.

Ba su ma jira an mayar da shi ɗaki ba, suka haɗa kai a kan wayoyin. Mati ya miƙe da ƙyar yana dafe da kafaɗar Malam Uwaisu, Zubair ya miƙo masa su biyun a jere.

"Baba Mati, kai babba ne, ba ruwanka da son kai. Duba ka faɗi gaskiya."

Mati ya duba. A baƙar wayar, ta Zubair, babu abin da ya ɓuya. Idanun da suka zurma suka yi ruwan ɗorawa, kumatun da suka faɗa, fatar leɓe da ta tsattsage, farin gemu gashi ɗaya-ɗaya, har da ƙudan da ya sauka a kan hula. Wata uku yana kallon fuskar nan safe da yamma, amma bai taɓa ganin mutuwa a cikinta sarai kamar yanzu ba. A ɗaya wayar kuwa wani mutum ne daban. Fata ta yi sumul, ta yi haske, kumatu sun ciko, idanu sun yi fari. Kai ka ce wani alhajin birni ne da ya tashi daga barcin rana.

"Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba," in ji Mati.

"Ku kawo in gani."

Malam Uwaisu ne ya yi maganar. Suka yi cirko-cirko. Babu madubi a ɗakinsa, rabonsa da ganin fuskarsa tun kafin ya kwanta. Zubair ya kai masa tasa kusa da ido. Tsohon ya daɗe yana kallo. Hannunsa ya taso a hankali ya shafa kumatunsa, ya sauka.

"Ashe haka na koma," ya ce.

Jamil ya yi saurin miƙa tasa. Malam Uwaisu ya matso da fuska, ya ja da baya, ya kuma matsowa. A goshinsa akwai wani dogon tabo da dutse ya yi masa shekara talatin da suka wuce, ranar da guga ya kuɓuce yana ƙasan rijiya. A hoton babu shi.

"Ina tabon?"

"Wayar ce ke gyarawa, Baba. Duk wani tabo da tamoji sai ta share."

"Ikon Allah." Ya mayar da numfashi. "Wannan za a aika wa Auta."

Jamil ya yi tsalle ya tafa hannu. "Ka ji ko, Yaya? Baba da kansa ya yanke hukunci!"

"Wane hukunci? Ai wannan ba hoto ba ne, fenti ne. Kowa ya san kwaliti ya san tawa ta fi."

"Ka dai faɗi kawai."

Nan take Jamil ya tura wa Tahira. Suka mayar da tsohon ɗaki, jikinsa yana karkarwa, Inna Bilkisu ta lulluɓe shi da bargo. Mati ya bi Zubair zuwa zaure, ya kama hannun rigarsa.

"Zubairu, maganar asibiti fa? Ga mota a ƙofar gida. Ni zan bi ku, na riga na haɗa 'yan kayana."

Zubair ya leƙa waje. Gabas ta yi baƙi ƙirin.

"Baba Mati, kalli hadarin nan. In rafi ya kawo muna hanya da marar lafiya, yaya za mu yi? Kuma yau Asabar, manyan likitoci ba sa nan. Ka bari in je in sama masa layi wurin wani likita da na sani, Laraba in dawo in ɗauke shi a tsanake."

"In kun fita yanzu za ku riga ruwan. Ai ko babu shi yanzun za ku fita."

"Shimfiɗa za a yi masa a baya, a haɗa kaya, a yi sallama. Lokaci ya ƙure."

Mati ya so ya ce lokacin a tsakar gida aka ƙarar da shi. Maganar ta zo masa har baki, ya haɗiye. Ba ɗansa ba ne. Ya saki rigar. Yana tsaye a ƙofar zaure motar ta bi tsakanin gonakin gero ta ɓace, yana hango Jamil ya fito da hannu ta taga yana ɗaukar hadarin.

Da ya koma ɗakin, Malam Uwaisu ya yafito shi da yatsa.

"Auta za ta kira ka. Na san halinta, ba ta yarda da maganar yayyenta. Kai take yarda da kai." Ya tsaya ya yi tari. "Sau biyu tana ɓari, Mati. Wannan ne ya zauna. In ta ga waccan fuskar, motar dare za ta hau. Kwana guda da yini a kan hanya. Kada ka tayar mata da hankali."

"Malam, ƙarya za ka sa ni?"

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Ka ce da sauƙi. Ai kullum akwai sauƙin Allah."

Ruwa bai sauko ba sai bayan la'asar. Mati yana zaurensa yana kallon yadda yake zuba daga indararo, 'yar ƙaramar wayarsa mai madanni ta yi ƙara. Ba ya karatun boko, amma ya san lambar Tahira, bakwai biyu ne a ƙarshenta.

"Baba Mati! Ina wuni? Wallahi na ga hoton. Ashe Baba har ƙiba ya yi! Ni nan na kasa ci na kasa sha, ashe jikin ya yi kyau haka."

Muryarta cike da dariya. Tun tana ƙarama take tsallako katanga zuwa gidansa, matarsa ce ma ta yi mata kitson farko.

"Alhamdu lillahi," in ji Mati.

"Don Allah ka gaya mini tsakani da Allah, haka yake? Ka san su Yaya Jamil da son gyara abu."

Mati ya kalli ruwan. "Da sauƙi, Tahira."

"To shi ke nan, tunda kai ka faɗa. Har na sa maigidana Abdulkabir ya tambayo mini kuɗin mota, na ce ko likita ya hana sai na zo. Yanzu sai in bari in na haihu mu zo da jaririn gaba ɗaya, Baba ya yi masa addu'a. Ka ce masa na sa hoton a fuskar wayata."

"Zan gaya masa."

Ya gaya masa. Tsohon ya lumshe ido ya ce madalla.

Daga ranar tarin ya sauya. Zaman da ya yi a iska ya sauka masa a ƙirji, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Lahadi bai sha komai ba sai ruwa cokali uku. Litinin da safe Mati ya taka har bakin rafi neman abin hawa. Ruwan ya cika ya tumbatsa, ja wur, yana tafe da karan dawa da rassan itace. Masu babura suna tsaye a wancan ƙetaren, ba mai shiga. Ya kira Zubair, Zubair ya ce ya samu likitan, Laraba in Allah ya yarda. Ya kira Jamil, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Talata gari ya waye garau. Mati ya shiga da hantsi ya tarar da abokinsa ido buɗe, fuskarsa ta ɗan saki. Inna Bilkisu ta ce ya sha kunu rabin ludayi, har ta soma murna. Mati ya zauna a gefen katifa.

"Ka je gonar taka kuwa?" in ji Malam Uwaisu. Muryar can ƙasa, sai an kasa kunne.

"Gona tana nan, ba inda za ta."

"Ciyawa za ta cinye maka gyaɗa saboda ni." Ya huta. "Mati, rijiyar gidan liman. Gefenta na gabas ya soma zabtarewa tun bara. Ka gaya musu kada su bari kowa ya shiga yasa sai an ɗaure ta da siminti."

"Zan gaya musu."

"Ta bakin kasuwa kuma ba ƙafewa ta yi ba, yashi ne ya toshe idon. Gaba biyu za a ƙara mata zurfi."

"To, Malam."

"Yaran sun kira?"

"Babban ya kira. Gobe yana tafe."

"Gobe," in ji tsohon. Ya juya ido wajen ƙofa inda rana ta shimfiɗo a kan daɓe. Bai ƙara cewa komai ba. Can numfashin ya soma tsinkewa, ya yi nisa tsakanin ɗaya da ɗaya. Mati ya matsa kusa da kunnensa yana maimaita kalmar shahada, leɓen tsohon yana motsi yana bi. Inna Bilkisu ta riƙe ƙafarsa. A waje wata mata tana daka, ana jin tabarya tana sauka. Kafin ta gama dakan, Malam Uwaisu ya cika.

Mati ya shafe masa ido, ya ɗaure masa haɓa, ya ja mayafi. Sannan ya fita zaure ya kira Zubair. Zubair ya yi salati ya fashe da kuka, kuka na gaske, har Mati ya ji tausayinsa.

"Ka saurare ni, Zubairu. Kada kowa ya gaya wa Tahira tukuna. Zan nemi mijinta in gaya masa, ya koma gida ya zauna kusa da ita, sannan a sanar da ita a hankali. Ka ji?"

"Na ji, Baba Mati."

Ya kira Abdulkabir sau huɗu, wayar a kashe. Mutane suka soma cika gida, aka ce a zo a yi wanka, aka tura masu haƙa. Mati ya cire rigarsa ya rataye a ƙusa da wayar a aljihu, ya shiga hidima. Rafi bai gama janyewa ba, amma Zubair da Jamil sun iso kafin azahar. Sun bar motar a wancan ƙetaren, suka naɗe wando suka ratso ruwa har ƙugu, kowa ya ɗaga wayarsa sama da kai. Mati ya ga jiƙaƙƙun wandunansu a sahun sallar gawa, ya kawar da ido.

Sai da aka dawo daga maƙabarta ya ɗauki rigarsa. Wayar tana ƙara. Bakwai biyu. Ya tsaya yana kallonta har ta katse. Ta sake, ya mayar da ita aljihu. Da yamma Abdulkabir ya kira shi da kansa. Yana kasuwa, cajinsa ya ƙare, ya ce. Wata maƙwabciyarsu ce ta shigo wa Tahira da waya a hannu, ta ce wannan da yayanki ya sa a Fesbuk ba babanku ba ne? Ko rabin awa ba a yi da rasuwar ba. Tahira ta karɓa ta duba, ta ce a'a, wannan wani tsoho ne, ga babanta nan a wayarta. Sai ta ga tabon goshi. Ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. An kai ta asibiti, an ce cikin yana nan lafiya, amma sai ta kwanta.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Rafi ya janye, abokan Zubair 'yan kasuwa suka zo daga Kano mota biyu. Aka yi addu'a, aka shafa, sannan hira ta soma tashi ƙasa-ƙasa. Mati yana zaune a gefe da carbi, yana jin su.

"Allah ya jiƙan Baba. Amma Alhaji, hoton nan da ka sa, da wace waya ka ɗauka?"

"Wannan ce," in ji Zubair. Idanunsa sun kumbura, muryarsa ta dushe. Ya zaro ta ya miƙa.

"Kai! Kalli gemun, kamar ka taɓa. Jawo shi kusa mu gani. Ko ɗigo bai fashe ba."

"Mutum sama da dubu biyu suka yi masa addu'a a ƙarƙashin hoton," in ji Zubair, yana share ido da bakin hannun riga. "Har daga Saudiyya."

Wayar ta bi hannu-hannu. Jamil yana can ƙarshen tabarma, ya sunkuyar da kai. Da ta iso kusa da shi bai karɓa ba, ya ce a hankali, "Baba dai tawa ya zaɓa."

Mati ya tashi. Ya zo gaban Zubair ya tsaya, mutane suka ɗago.

"Na ce maka kada a gaya mata."

"Ban gaya mata ba, Baba Mati. Sanarwa na yi don mutane su samu jana'iza. Hankalina ba ya jikina, ban tuna tana gani ba."

"Akwai hotonsa na ɗaurin aurenka. Akwai na ranar da Jamilu ya gama makaranta. Me ya sa sai wannan?"

Zubair ya dubi wayar da aka dawo masa da ita, ya kife ta a cinya.

"Shi ne ya fi fita," ya ce.

Mati ya juya ya bar wurin. Bai kai zaurensa ba aljihunsa ya soma ƙara. Ya tsaya a jikin katangar da ta raba gidajen biyu, ya danna.

"Salamu alaikum, Tahira. Ya haƙuri?"

Yana jin ƙarar fanka da muryoyin mata a nesa.

"Baba Mati." Muryar a bushe take, ba kuka a cikinta. "Ina kwance ga hotunan nan duka biyun a gabana. Rana ɗaya aka ɗauke su, hula ɗaya, kujera ɗaya. Na ga yatsun mutum a gefen rigarsa, ta bayan kujera. A na Yaya Zubair ne suka fito. Naka ne?"

"Nawa ne."

"Riƙe shi ka yi don ba ya iya zama."

"Haka ne."

"Kuma da yamma na tambaye ka tsakani da Allah."

"Shi ya roƙe ni, Tahira. Tsoron cikinki yake ji. Shi da kansa ya zaɓi wanda za a aiko miki."

"Na sani, Inna ta gaya mini. Shi uba ne, dole ya ji tsoro. Su Yaya kuwa na san su tun ina yarinya, ban sa ran komai daga wurinsu ba. Shi ya sa na kira ka." Ta ja numfashi. "Da ka ce mini in taho, da Lahadi da yamma ina gida. Da na ratso rafin ko a kafaɗar mutane. Da na samu kwana biyu da shi."

"Da wani abu ya same ki a hanya fa?"

"Da ni na zaɓa."

Mati ya jingina goshinsa da katanga. Ƙasar da sanyi, tana warin ruwa.

"Ki yafe mini."

"Kwana uku ina nuna wa matan gidanmu hoton wani mutum ina cewa ku ga babana ya warke. Ya ambace ni?"

"Ya ce madalla, da na gaya masa kin sa hoton a wayarki."

"A ƙarshe nake nufi."

Mati ya san abin da take so ta ji. Kalmomin suna nan a kan harshensa, masu sauƙi, ba wanda zai ƙaryata shi. Ya rufe ido.

"A ƙarshe maganar rijiyoyi ya yi. Sannan ya tambaya ko yaran sun kira."

Ya ji ta saki wani sauti, bai san ko dariya ba ce ko kuka. "To," ta ce. "Wannan kam shi ne. Sai anjima, Baba Mati."

Ta kashe. Bai ji ta ce ta yafe ba.

Ya daɗe a tsaye a wurin. Yayyafi ya soma sauka, siriri, ba iska. A ƙofar gidan Malam Uwaisu masu zaman makoki suka tashi da sauri, 'yan birni suka ruga motocinsu suna kare aljihu da tafin hannu, sauran suka naɗe tabarmi suka shige zaure. Kafin Mati ya ƙaraso babu kowa a gindin dalbejiyar. Ƙasa ta yi duhu da ruwa, sai inda tabarmin suka tashi ne ya rage a bushe, fari-fari, a jere. Wata kaza ta fito daga cikin gero ta tsaya a kan ɗaya tana karkaɗe fuka-fukanta, ɗigon ruwa yana cike wurin a hankali.